Ruhin Yaro a Ɗakin Likitan Tunani

Jinyar tunani hanya ce ta magance damuwa da rikicewar hali ta zama da tattaunawa, ba da ƙwaya ko allura ba. Idan majinyacin yaro ne, ba da baki kaɗai yake magana ba. Abin da ke ransa yana fitowa a wasa, a zane, da mafarkin da ya ba da labarinsa da safe. Cikin abin da ke fitowa kuwa har da Allah da mala'iku da aljanu, da kakar da ta rasu amma take zuwa masa cikin barci, da tambayar inda yake kafin a haife shi. Yadda likita zai ɗauki irin wannan zance ya daɗe yana raba kan masana. Wasu na ganin alamar ciwo ce, wasu na ganin maimaicin abin da yaro ya tsinta a bakin manya ne, wasu kuma na cewa sashe ne na rayuwarsa mai zaman kansa, wanda ba a gane yaron sai da shi.

Ilimin halayyar ɗan Adam na zamani ya taso ne yana ɗari-ɗari da addini. Sigmund Freud, a littafin da ya fitar a 1927, ya ɗauki imani a matsayin burin ƙuruciya da ya ƙi barin mutum: ya girma amma bai daina neman uba mai kare shi ba. Mazhabar da ta mamaye jami'o'in Amurka a wancan zamani kuma ba ta yarda a nazarci komai ba sai ɗabi'ar da ido ke gani kuma ake iya aunawa. Duk da haka an sami waɗanda suka bi wata hanya. William James ya tattara labaran mutanen da suka shiga wani yanayi na ruhi ya wallafa su a 1902, yana mai cewa a yi wa yanayin hukunci da abin da ya haifar a rayuwar mai shi, ba da inda ya samo asali ba. Carl Jung a Suwizalan da Roberto Assagioli a Italiya su ma sun ba wa wannan ɓangare gurbi a aikinsu.

A ƙarshen shekarun 1960 ne wasu masana a Kalifoniya, cikinsu har da Abraham Maslow da Anthony Sutich da Stanislav Grof, suka mai da wannan ra'ayi mazhaba mai suna da mujalla, wadda ta fara fita a 1969. Maslow ya lasafta ta ta huɗu, bayan ta Freud, da ta masu auna ɗabi'a, da ta masu fifita mutuntaka wadda shi kansa yana cikin waɗanda suka kafa ta. Ana iya kiranta mazhabar ƙetare kai, domin ginshiƙinta shi ne mutum bai ƙare a kan "ni" ɗin da ya saba da shi ba. Akwai lokutan da yake jin ya sadu da abin da ya fi shi girma, a ibada, ko a bakin mutuwa, ko a tsakiyar daji shi kaɗai, kuma wannan ba taɓin hankali ba ne, yana ma iya zama silar waraka. Babbar nasarar mabiyanta a fagen likitanci ta zo a 1994, lokacin da kundin cututtukan ƙwaƙwalwa na ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta Amurka, a bugunsa na huɗu, ya buɗe babin matsalar addini ko ruhi a matsayin abin da likita zai iya dubawa ba tare da ya kira shi cuta ba. David Lukoff da Francis Lu da Robert Turner ne suka gabatar da shawarar.

Duk wannan da manya aka gina shi. Da aka zo kan yara sai aka ci karo da wata tambaya ta falsafa: wanda bai gama mallakar kansa ba, yaya za a ce ya ƙetare shi? Jean Piaget ya nuna cewa tunanin yaro hawa-hawa yake girma, kuma bai iya sarrafa ma'anar da ba ta da jiki sai ya doshi balaga. Ronald Goldman ya ɗora wannan a kan koyar da addini a Ingila a 1964, ya yanke cewa ƙananan yara ba su kai ga tunanin addini na haƙiƙa ba tukuna. Hatta a cikin mazhabar ƙetare kai an sami mai wannan ra'ayi, kuma babba ne a cikinta. Ken Wilber ya yi gargaɗi a 1980 cewa ana rikita abu biyu masu kama da juna: yanayin jariri da bai riga ya bambance kansa da duniya ba, da yanayin wanda ya gina kansa sannan ya wuce shi. Freud, in ji shi, ya ja na biyun ƙasa ya mai da shi na farko, masu kambama ƙuruciya kuma sun ɗaga na farkon sun mai da shi na biyu.

Martanin bai zo daga falsafa ba, daga sauraro ya zo. Alister Hardy, masanin halittun teku, ya kafa cibiya a Oxford a 1969 don tattara bayanan mutane game da abin da suka taɓa ji na ruhi. Wanda ya gaje shi, Edward Robinson, ya lura cewa da yawa daga masu rubutowa ƙuruciyarsu suke komawa, sai ya keɓe wa wannan littafi a 1977. Raunin wannan hujja a fili yake, domin dattijon da ke tuna abin da ya ji yana ɗan shekara biyar yakan tufatar da shi da kalmomin da ya koya daga baya. Shi ya sa aikin Robert Coles, likitan ƙwaƙwalwar yara na jami'ar Harvard, ya fi nauyi. Ya shafe shekaru yana zama da yara Kirista da Musulmi da Yahudawa da na ƙabilar Hopi da waɗanda gidajensu ba sa bin addini, ya fitar da littafinsa a 1990. David Hay da Rebecca Nye suka biyo baya a 1998 da hirar da aka yi da yara 38 a biranen Nottingham da Birmingham, wasu 'yan shida zuwa bakwai, wasu 'yan goma zuwa sha ɗaya. Abin da Nye ta tsamo daga zantukansu shi ne wata irin farkawa game da alaƙa: yaro yakan ji kansa a haɗe da wasu mutane, da halittu, da Allah, da can cikin ransa, kuma muryarsa da yanayinsa sukan sauya idan ya zo nan. Ta kuma lura cewa manyan cikinsu sun fara jin kunyar zancen, suna tsoron a yi musu dariya.

Yara 38 ba su isa a kafa doka a kansu ba. Amma sun isa su nuna inda Goldman ya yi tuntuɓe, wato ɗaukar iya bayyana abu daidai da iya jin sa. Mai karatu Musulmi ba zai ga baƙon abu a nan ba, domin malaman fiƙihu sun daɗe da raba waɗannan. Yaro ba mukallafi ba ne sai ya balaga, ana kuma lasafta shi mai wayo tun wajen shekara bakwai, amma babu wanda ya ce kafin nan ba shi da ruhi ko ba a kan fiɗira aka haife shi ba. Abin da ake jinkirta masa hisabi ne. Gargaɗin Wilber dai yana nan da amfaninsa, kamar yadda za a gani, ko da hukuncinsa a kan yara ya yi tsauri.

Abin mamaki, kayan aikin da suka fi amfani a ɗakin likita daga zuriyar Freud suka fito. Donald Winnicott, likitan yara a Landan, ya yi bayani a 1953 kan tsumma ko 'yar tsanar da yaro ke riƙewa ba ya barci sai da ita. Ya ce wannan abu yana zaune ne a wani fili tsakanin zuciyar yaro da duniyar waje, kuma ƙa'idar filin ita ce babba ba ya tambayar yaro ko shi ya ƙirƙiro abin ko samun sa ya yi. A ganinsa wasa da fasaha da addini duk a wannan fili suke girma. Ana-Maria Rizzuto ta ɗora a kai a 1979, ta nuna cewa kafin a fara koya wa yaro addini a makaranta ya riga ya haɗa wata fahimta tasa game da Allah, kuma da yadda iyayensa suka riƙe shi ya haɗa ta. Yaron da ke ganin Ubangiji kullum a fusace yake, yana jiran ya yi kuskure, sau da yawa labarin gidansu yake bayarwa. Wannan bincike bai ce komai ba game da samuwar Allah ko siffofinsa, kuma ba huruminsa ba ne. Abin da ya nuna kawai shi ne yadda zuciyar yaro ke ɗaukar abin da aka faɗa masa.

Dabarun da ake amfani da su ba su da yawa, kuma mafi yawansu aro ne daga jinyar yara ta yau da kullum. Fitacciya ita ce wasan yashi. Margaret Lowenfeld ta fara shi a Landan wajen 1929, sannan Dora Kalff, almajirar Jung wadda ta kuma yi zurfi a addinin Buddha, ta ba shi sabon fasali a Suwizalan. Ana ba yaro faranti mai faɗi cike da yashi da ɗaruruwan ƙananan siffofi na mutane da dabbobi da gidaje da itatuwa, ya gina duniyar da yake so. Likita yana zaune yana kallo, ba ya gyara, ba ya gaggawar fassara. Kalff ta yi imani cewa idan yaro ya sami wuri mai 'yanci da kariya, ransa da kansa yakan nemi daidaito. Akwai kuma zane, da ba da labari, da sauraron mafarki, da jagorantar yaro ya rufe ido ya ƙiyasta wurin da yake samun natsuwa. Ba kowace dabara ce ke shiga kowane gida ba. Cewa yaro ya zana Allah, wanda wasu masu bincike a Turai da Amurka suka yi, ba abin da za a nema daga ɗan Musulmi ba ne, kuma likitan da ya nema ya rasa amincewar iyayen tun ranar farko.

Horon tattara hankali a kan numfashi, wanda Jon Kabat-Zinn ya ciro daga addinin Buddha ya shigar asibiti a 1979, shi ne ya fi yaɗuwa a makarantu. Shi ne kuma aka fi gwadawa, sakamakon bai yi wa masu tallansa daɗi ba. Wani babban gwaji a Birtaniya da aka wallafa a 2022, wanda ya haɗa makarantu 84 da ɗalibai fiye da 8,000 'yan shekara 11 zuwa 14, ya gano cewa koyar da shi a aji bai fi darussan da aka saba yi amfani ga lafiyar tunanin yaran ba, yawancinsu ma ba sa yin atisayen a gida. Su kuwa dabarun Grof na sauya hayyaci, ko da ƙwayoyi ko da numfashi mai sauri, ba na yara ba ne ko kaɗan.

Inda zancen ruhi ya fi zama dole shi ne wajen mutuwa. Myra Bluebond-Langner ta zauna da yara masu sankarar jini a wani asibitin Amurka, ta wallafa a 1978 cewa yaran sun san mutuwa za su yi tun kafin kowa ya gaya musu. Suna ganewa daga fuskokin manya da ɓacewar abokan jinyarsu, sai su yi shiru don kada su ƙara wa iyayensu baƙin ciki. Kowa na ɓoye wa kowa, yaron kuma ya rage shi kaɗai da tambayoyinsa. A ɓangaren marayu, binciken da Phyllis Silverman da William Worden suka jagoranta a Boston kan yara 125 da suka rasa uwa ko uba ya nuna cewa da yawansu suna ci gaba da alaƙa da mamacin: suna mafarkinsa, suna yi masa magana, suna jin yana kallonsu. Tsohon ra'ayi yana ɗaukar wannan gazawa ce wajen haƙura. Daga 1996 aka fara karɓar cewa yawanci hanya ce ta lafiya ta ɗaukar rashi.

A nan kalmomin manya suna da nauyin da su kansu ba sa ji. Ƙaramin yaron da aka ce wa mahaifiyarsa ta yi tafiya zai zauna jiran dawowarta, in ta ƙi dawowa ya ɗauka guje masa ta yi. Wanda aka ce wa Allah ya ɗauki ƙaninsa don yana son sa zai iya fara tsoron kada shi ma a so shi. Wanda ya taɓa yi wa yayansa mugun fata cikin fushi, sannan yayan ya rasu, zai iya ɗaukar laifin kisa a ransa shekara da shekaru bai faɗa wa kowa ba. Kenneth Pargament ya bambance jingina da addini mai sauƙaƙa wahala da mai ƙara ta, kamar ganin cewa Allah ya yi watsi da mutum ko azabtar da shi yake yi. Aikin likita shi ne ya gano wanne yaron yake ciki. Idan na biyun ne, gyaran yakan fi kyau ya fito daga cikin addinin gidan, ta bakin uwa ko kaka ko malamin da yaron ya yarda da shi.

Mafi wuyar aikin shi ne rarrabewa. Yaron da ya ce yana jin murya ko yana ganin wani ba lalle ne yana da taɓin hankali ba. Marjorie Taylor da abokan aikinta sun samu a 2004 cewa kusan kashi 65 cikin ɗari na yaran da suka bibiya sun taɓa yin abokin wasa na ƙiyasi kafin su wuce shekara bakwai. Wani nazari na 2012 da ya haɗa bincike da dama ya nuna kusan kashi 17 cikin ɗari na 'yan shekara 9 zuwa 12 suna ba da labarin jin murya ko makamancin haka, adadin kuma yana sauka zuwa wajen kashi 7.5 a tsakanin matasa. Mafi yawa abin yana wucewa da kansa. Saboda haka likita ba ya tsayawa kan ko abin ya faru da gaske. Yana duba ko yana tsorata yaron ko yana kwantar masa da hankali, ko muryar tana umartarsa ya cutar da kansa, ko barcinsa da cin abincinsa da karatunsa sun lalace, ko ya janye daga abokai, da kuma ko abin ya saba da yadda gidansu ke fahimtar duniya. Sannan akwai cututtukan da ke shigar burtu da rigar ruhi. Farfaɗiya tana da nau'in da ba ya kayar da yaro, sai dai ya ƙura ido na 'yan daƙiƙu, ko ya ji wani wari, ko tsoro ya rufe shi ba dalili. Yaron da ke maimaita alwala har fatarsa ta tsage, yana kuka wai sallarsa ba ta yi ba, ba tsananin taƙawa ke damunsa ba, cutar wasiwasi ce, tana kuma da magani sananne. Yarinyar da ta ce wani abu yana zuwar mata da dare tana iya kasancewa tana faɗin cin zarafin da wani mutum yake yi mata, da kalmomin da ta ga za a iya saurara.

Kuskuren kishiyar wannan shi ne wanda Wilber ya hango. A Amurka, musamman bayan wani littafi na 1999, an yayata cewa ana haifar wasu yara masu baiwar ruhi ta musamman da aka laƙaba wa sunan launin shuni, kuma rashin natsuwarsu alamar ɗaukaka ce. Babu wata hujjar kimiyya a kan haka, amma iyaye da dama sun riƙe shi a maimakon kai yaran a duba su. Ɗora wa yaro rawanin waliyyi nauyi ne kamar ɗora masa sunan mahaukaci, domin a duka biyun an daina ganin yaron.

A ƙasar Hausa matsalar ta juya baya ne. Likitan Turai yana fama da yadda zai shigo da ruhi ɗakinsa, a nan kuwa bayanin ruhi ne ke fara zuwa: iska, sammu, kambun baka, maita. Kafin a kai yaro asibiti galibi an riga an yi tofi, an sha rubutu, an je ruƙiyya. Likitan da ya yi wa wannan dariya ba zai sake ganin yaron ba. Thomas Adeoye Lambo ya gane haka tun 1954, lokacin da ya fara tsarin jinya a ƙauyukan Aro kusa da Abekuta, inda majinyata ke zama da danginsu kuma ake aiki tare da masu maganin gargajiya. Malik Badri, masanin Sudan, ya soki Musulmin da ke kwafo Freud ido rufe a littafinsa na 1979, daga baya kuma ya fassara aikin Abu Zaid al-Balkhi, wanda ya rasu a 934, kan kula da lafiyar jiki da ta rai tare. Haɗin kai da malamai yana da iyaka bayyananniya. Addu'a da karatu ba sa hana shan maganin farfaɗiya. Duka da ɗauri da turara hayaƙi da sunan fitar da aljani cutarwa ce, haka ma tilasta wa yaro ya amsa cewa shi maye ne, abin da rahoton Asusun Yara na Majalisar Ɗinkin Duniya na 2010 ya nuna yana jefa yara a titi, wani lokaci ma yana kai su kabari, a ƙasashen Afirka da dama har da Nijeriya.

Ita kanta mazhabar ƙetare kai ba ta tsira daga suka ba. Rollo May da Albert Ellis sun soke ta a shekarun 1980, ƙungiyar masana halayya ta Amurka kuma ba ta ba ta reshe nata ba, ko da yake takwararta ta Birtaniya ta buɗe mata sashe a 1996. Suka mafi ƙarfi daga cikin gida ta fito, inda Jorge Ferrer ya nuna a 2002 cewa iƙirarinta na tsayawa sama da dukan addinai ba gaskiya ba ne. Ta ɗauki narkewar kai irin ta wasu mazhabobin Hindu da Buddha ta mai da ita ƙololuwa, ta ajiye bautar Ubangiji da ke daban da bawansa a matakin ƙasa. Wannan aƙida ce, kuma likitan da ya shigar da ita zuciyar ɗan wani a sunan magani ya wuce gona da iri. Yarjejeniyar Haƙƙin Yara ta 1989 ta ambaci bunƙasar ruhi a sashe na 27 cikin abubuwan da yaro ke da haƙƙi a kansu, sashe na 14 kuma ya ba shi 'yancin tunani da addini tare da amincewa da haƙƙin iyaye na yi masa jagora gwargwadon wayonsa. Likita ba ya cikin waɗanda aka ba wannan jagoranci.

Ta fuskar hujja, babu manyan gwaje-gwaje da suka tabbatar da cewa wata dabara ta mazhabar ƙetare kai tana warkar da ciwon tunanin yara. Abin da ake da shi yawanci labaran majinyata ɗaiɗaiku ne da ƙananan nazarce-nazarce. Binciken da ke nuna matasa masu riƙo da addini sun fi tsira daga shaye-shaye da baƙin ciki mai tsanani, irin wanda Lisa Miller ta jami'ar Columbia ta yi fice da shi, alaƙa yake nunawa, bai tabbatar da sababi ba, tunda irin waɗannan matasa sukan kuma fi samun dangi da jama'a a kewaye da su. Abin da ya tabbata daga wannan mazhaba shi ne wajabcin tambayar yaro da iyayensa abin da suka yi imani da shi, da sauraron amsar ba tare da raini ko kambamawa ba. Maganin kansa, ga yaron da ya firgita bayan tashin hankali ko mai wasiwasi ko mai farfaɗiya, har yanzu shi ne wanda aka gwada aka ga yana aiki.